Launin Tankar Hilmi

Tun farkon zafin bana mahaifin Wagdi ya daina gane shi. Duk Juma'a, idan ya hau matakalar gidansu na Isma'iliyya a ƙasar Masar da ledar mangwaro a hannu, tsohon yakan dube shi daga kujerarsa ta bakin taga, ya gyara zama irin na karɓar baƙo, ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Mitar wutar tana ƙarƙashin matakala."

"Ni ne, Baba. Wagdi ne."

"To madalla. Ka sunkuya sosai, akwai ƙarfe a wurin, ya sha fasa wa mutane kai."

Ƙanwar Wagdi, Atiyat, ce ke jinyar tsohon. Ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Ita yana gane ta, ko da yake sau da yawa da sunan mahaifiyarsu yake kiranta, wadda ta daɗe da rasuwa.

"Ka daina yi masa musu, Yaya," in ji ta a kicin tana yanka mangwaron. "Likita ya ce musu tayar masa da hankali yake yi. In ya ce kai mai mita ne, ka sauka ka duba mitar mana. Me zai ragu a jikinka?"

"Ni ba mai mita ba ne."

"Ni ma ai ba Mama ba ce, amma ina amsawa."

Likitan ya gaya musu cewa cutar mantuwar ba ta komawa baya. Wagdi bai yi gardama da wannan ba. Abu ɗaya yake so kafin ta gama cinye abin da ya rage: mahaifinsa ya dube shi, ya kira sunansa, ko da sau ɗaya ne.

Wagdi ya haura hamsin, kuma haɗa haƙoran roba ne aikinsa. Likitoci suna aiko masa da awon bakin mutum, shi kuma ya ƙera haƙorin, ya daidaita launinsa da na maƙwabtansa. Jama'a suna ɗauka haƙori fari ne. Shi ya san babu farin haƙori a bakin ɗan Adam, kuma ya san ba a auna launi a hasken fitila, sai a bakin taga da hantsi. Idan ya tashi daga aiki yana haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya liƙa su da gam ya yi musu fenti. Kowace ta ƙanƙance da ninki talatin da biyar a kan ta gaske, ba ta wuce tsawon tafin hannu biyu ba. Ya cika kabad ɗin gilashi da su.

Mahaifinsa Hilmi direban tanka ne a yaƙin da Masar ta yi a Oktoban saba'in da uku. Ya tsallaka mashigin ruwan da ke gefen garinsu zuwa Sina'i, ya dawo, ya yi tuƙin bas har ya yi ritaya, kuma bai taɓa ba da labarin yaƙin ba. Tafukan hannunsa sumul suke, suna sheƙi, babu zanen nan da ke tafin kowa. Tun Wagdi da Atiyat suna yara aka ce musu injin mota ne ya ƙone shi, su kuma ba su ƙara tambaya ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa magana a kan tankokin ɗansa. Wata Sallah ce, shekarun baya, lokacin hankalinsa garau. Ya tsaya gaban kabad ɗin, hannu a baya, ya daɗe yana kallon wata tanka ƙirar T-55 mai alamar sojan Masar, irin wadda ya tuƙa. Sai ya ce, "Ba haka launinta yake ba." Ya juya ya tafi wajen abinci. Wagdi ya ji haushi a ranar, domin takardar da ta zo cikin kwalin ya bi sawu da ƙafa, kuma bai tambayi yadda launin yake ba. Yanzu wannan jimlar kaɗai gare shi. A lissafinsa, mutumin da ya gane kuskuren launi bayan shekaru masu yawa zai gane daidai idan ya gan shi. In ya gane tankar, ƙila ya ɗaga kai ya ga wanda ya miƙo ta.

Ya kai maganar shagon Girgis. Girgis yana sayar da littattafan makaranta da biro a gaba, a ɗakin baya kuma yana da kwalayen tankoki da ƙananan kwalaben fenti, kuma nan masu wannan sha'awar suke taruwa ranar Alhamis su sha shayi su yi musu.

"Launin tankokinmu na saba'in da uku kake nema?" Girgis ya kwashe da dariya. "Dakta, ka nemi wani abu mai sauƙi mana. Mutum biyar ne a ɗakin nan, ra'ayi bakwai."

"Ni ba dakta ba ne, Abu Mina," in ji Wagdi, yana kiran Girgis da alkunyarsa.

"Kana sa wa mutane haƙori, suna cin nama da shi. Wane dakta ne ya fi ka? Zauna."

Wagdi ya zauna. Ya riga ya san matsalar, amma ya bar Girgis ya zayyana ta, domin yana jin daɗin yi. Tankokin sun zo daga Rasha da koren fenti. Aka shafe su da launin rairayi, aka yi musu dabbare-dabbare da ruwan ƙasa, kowace runduna da fentin da ya zo hannunta. Hotunan lokacin yawanci baƙi da fari ne, masu launin kuma sun koɗe sun koma ja. Tankokin da ke gidan tarihi da waɗanda aka kafa a shataletale an sha sabunta musu fenti, har wata ta zama kamar kwaɓin kek.

"Tsofaffin sojojin fa?" Wagdi ya tambaya.

"Na tambayi uku. Ɗaya ya ce rawaya, ɗaya ya ce fari-fari, ɗayan ya ce shi bai tsaya kallon fenti ba, ana harbinsa. Na rantse wannan na ukun ne mai gaskiya. Kai, ka zuba rairayi ka zuba ruwan ƙasa ka kai wa tsoho. Wa zai kama ka?"

"Ya taɓa kama ni."

Girgis ya tura masa kofin shayi.

A hanyar gida Wagdi ya tuna da akwatin. A saman benen mahaifinsa, kusa da ɗakin tattabaru, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da Hilmi ya dawo da shi daga yaƙi. Daga jikin tankar aka ciro shi, suna ajiye shayi da sukari a ciki, kuma an bar shi a sansani ranar da suka tsallaka. Tun dawowarsa hatsin tattabaru ake zubawa a ciki. Rana da kashin tsuntsaye sun cinye fentinsa tuntuni. Amma bayan yaƙin da kaɗan Hilmi ya ɗaura masa wani faffaɗan ƙarfe na saƙala kwaɗo, saboda ɓeraye da yaran maƙwabta. Wagdi ya tuna ranar, domin shi ya riƙe kusoshin, yatsun mahaifinsa ba sa iya tsintar ƙaramin abu a lokacin. Duk abin da ke ƙarƙashin wannan ƙarfen bai ga rana ba tun daga nan.

Juma'ar da ta biyo ya hau saman benen da sukundireba da ɗan mai. Atiyat ta biyo shi da kwandon shanya.

"Yanzu kuma hatsin tattabaru za ka gada tun yana raye?"

"Riƙe min nan."

"Wallahi Yaya, da wannan ƙoƙarin ka yi wajen yi masa wanka ranar Talata da na gode. Bayana ya kusa karyewa."

"Zan zo Talata. Riƙe."

Kusoshin sun yi tsatsa, sai da ya jiƙa su da mai ya jira. Da ƙarfen ya ɗago, sai ga wani ɗan fili mai faɗin yatsa biyu, tas da shi kamar jiya aka shafa. Ba rawaya ba ne irin na littattafai. Ya fi haske, ya ɗan karkata zuwa toka, kamar niƙaƙƙen riɗi. A gefe ɗaya bakin dabbaren ya ratsa, ruwan ƙasa mai ja-ja kamar ƙwallon dabino. Inda kusa ta karce, koren Rasha yana leƙowa daga ƙasa.

Wagdi ya daɗe a tsugune. Atiyat ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Shi ke nan? Wannan ne?"

"Wannan ne."

"Launin bangon banɗakinmu ne fa," in ji ta, ta koma shanyarta.

Ya juye hatsin a bokiti ya tafi da akwatin gida. Kullum da hantsi, kafin ya fita aiki, yana ajiye shi a bakin tagar da ke fuskantar arewa, ya haɗa fenti ɗigo-ɗigo, ya shafa a bayan cokalin roba, ya jira ya bushe, ya kara da ɗan filin. Fenti yana canzawa idan ya bushe, don haka gwaji ɗaya yakan ci safiya guda. Cokulan suka taru a cikin gwangwani. Da ya samu wanda idonsa ya kasa rabewa da na akwatin, ya kai wa Girgis.

Girgis ya sa tabarau, ya fita da su bakin titi, ya duba, ya dawo.

"Ya yi. Ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Yanzu ƙara masa fari."

"Ba zan taɓa shi ba. Wata guda na yi ina nemansa."

"Haba Dakta, kai ne fa ka koya min. Ƙaramin abu yana shanye haske. In ka shafa launin gaske a kan tanka mai tsawon burodi, duhu za ta yi. Mutum yana ganin tanka daga nesa ne, da iska da ƙura tsakaninsu. Kana son ya ga fentin akwati, ko kana son ya ga tankarsa?"

Wagdi ya san gaskiya ne. Ya ƙara farin, ɗigo kaɗan, ransa ba ya so.

Haɗa tankar bai ba shi wahala ba, ya yi irinta da yawa. Kwalin da ya samu na waje ne kawai, babu kujeru, babu inji, babu komai na ciki. In an haɗa, cikinta fanko ne, robar toka tsirara. Masu irin wannan kwalin duk abu ɗaya suke yi: su rufe murfin direba da murafun sama biyu, su liƙe su, don kada a leƙa a ga babu komai. Wagdi ya yi yadda ya saba yi tun yana saurayi. Ya zuba gam mai narkar da roba a bakin kowane murfi, ya danna, ya cike ɗan tsagin da ya rage, ya goge har ba a ganin wurin haɗin. Bai yi tunanin komai a kai ba. Hankalinsa yana kan fenti.

Ya fara shafa kore, kamar yadda ta fito daga masana'anta. Ya bi da launin rairayin a kai, sannan dabbaren da burushi, domin bakin dabbaren akwatin ya nuna da hannu aka yi shi, ba da feshi ba. Da tsinin allura ya karce gefuna da wuraren da takalmin soja ke takawa, koren ya fito. Ya niƙa ƙasar da ya ɗebo daga gabashin mashigin ya shafa a sarƙoƙin. Lamba kaɗai ya bari bai rubuta ba, saboda bai san lambar tankar mahaifinsa ba, kuma ba zai ƙirƙira ba.

Girgis ya zagaya ta a kan tebur, sannan ya ce, "In ka kai ta gasar Alƙahira, sauran su koma sayar da gyaɗa."

"Ba gasa za ta ba."

"Na sani. Allah ya sa a dace, Dakta."

Wagdi ya zaɓi ranar shida ga Oktoba, ranar hutun tunawa da yaƙin. Atiyat ta ce tsohon yakan ɗan farfaɗo a ranar, idan talabijin ta cika da waƙoƙin soja. Da hantsi ya isa. An gama karin kumallo, kwanon wake da burodi suna kan tebur, Hilmi yana kujerarsa cikin farar jallabiya, yana kaɗa yatsa a gwiwa.

"Sannu da zuwa, malam. Yau ma aiki? Ai hutu ne."

Wagdi ya ɗora tankar a kan farantin shayi, ya ajiye a cinyar mahaifinsa, inda hasken taga ke sauka. Ya ja kujera ya zauna daf da shi. Atiyat ta rage sautin talabijin ta tsaya a bakin ƙofa, tawul a kafaɗa.

Yatsan ya daina kaɗawa. Hilmi ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu biyu ya ɗaga tankar zuwa saitin idonsa, ya juya ta a hankali, ya tsaya a gefen hagu na gaba, inda direba ke zama. Fuskarsa ta canza. Wagdi ya ga ya gane. Ya matso da fuskarsa kusa, yadda in tsohon ya ɗaga ido shi zai fara gani.

Hilmi bai ɗaga ido ba. Ya kai babban yatsansa kan murfin sama, ya sa farce a gefensa, ya ɗaga. Murfin bai motsa ba. Ya sake gwadawa. Ya koma kan na biyun.

"Ba ya buɗewa," ya ce a hankali.

"A liƙe yake, Baba. Haka ake yinsu. Dubi launin, ka gani? Daga akwatinka na..."

"Ba ya buɗewa." Muryar ta ɗaga. "Sabri yana ciki. Sabri! Ku buɗe ta ciki! Ramzi, ja ƙarfen!"

Farcen ya karye. Bai kula ba. Ya kama murfin da yatsu duka yana ja, farantin ya zame daga cinyarsa ya faɗi da ƙara. Ya saki ɗaya hannun ya yarfa shi a iska, ya hura tafin, ya mayar, ya sake yarfawa, kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta. Wagdi ya dubi tafin nan mai sheƙi, ya dubi murfin. Bai taɓa haɗa su a ransa ba sai yau.

"Yaya, karɓe ta!" Atiyat ta yi kansu. "Karɓe ta, don Allah!"

Amma tsohon ya ƙanƙame tankar a ƙirji, yana kiran sunaye uku bi da bi, yana waiwaye yana neman mai taimako. Idonsa ya faɗa kan Wagdi.

"Kai! Kana tsaye kana kallo? Kana da ƙarfe? Kawo ƙarfe!"

Wagdi ya ɗauki cokalin shayi daga ƙasa. Ya riƙe tankar tare da hannun mahaifinsa, ya nemi wurin haɗin da ya ɓata yini yana ɓoyewa, bai samu ba. Ya kafa bakin cokalin a gindin murfin ya danna da ƙarfi. Cokalin ya zame ya yi dogon karce a kan fentin, daga sama har gefe. Ya sake kafawa. Robar ta yi ƙara ta tsage, murfin ya fita tare da wani yanki na rufin, bindigar ta karye ta faɗi cikin kwanon wake. Ya fasa na biyun ma.

Hilmi ya kai ramin saitin idonsa. Ya karkata tankar wajen taga don haske ya shiga. Ya daɗe yana leƙawa. Babu komai a ciki sai robar toka da busasshen gam.

"Babu kowa," ya ce.

Atiyat ce ta yi magana, daga bayan Wagdi.

"Sun fita, Baba."

"Sun fita?" Hilmi ya tambayi Wagdi, ba ita ba.

"Sun fita," in ji Wagdi. "Duka ukun."

"Sabri ma? Ƙafarsa ba ta da kyau."

"Shi ya fara fita."

Tsohon ya saki numfashi. Ya jingina da kujera, ya rufe ido, leɓunansa suna motsi da hamdala. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa, bai share ba. Atiyat ta durƙusa ta naɗe masa yatsan da ke jini da bakin tawul. A talabijin ana nuna gadoji a kan ruwa, babu sauti.

Da ya buɗe ido ya dubi Wagdi sosai, irin kallon da Wagdi ya yi wata da watanni yana jira. Ya kama hannunsa ya riƙe.

"Allah ya saka maka da alheri. Na yi ta kira, babu wanda ya zo sai kai. Yaya sunanka? Zan gaya wa kwamanda."

"Wagdi."

"Wagdi." Ya yi murmushi. "Ina da yaro mai wannan sunan. Yana garin Zagazig wajen uwarsa, can aka kwashe su saboda yaƙin nan. Bai shiga makaranta ba tukuna. Ɗan banzan tambaya gare shi, komai sai ya ce mene ne wannan."

"Allah ya raya shi," in ji Wagdi.

"Amin."

Hilmi ya mayar da kallonsa kan tankar da ke cinyarsa. Ya shafa gefenta da tafin hannu, a kan rairayin da dabbaren da koren da ke leƙowa.

"An wanke ta," ya ce. "Sun kyauta. Da na baro ta baƙa ce ƙirin."

Bai jima ba barci ya ɗauke shi, tankar a hannunsa.

A kicin Atiyat ta kunna famfo ta bar shi yana zuba, ba ta wanke komai ba.

"Kin sani?" Wagdi ya tambaya.

"Mama ta gaya min dab da rasuwarta. Da tankar ta kama wuta, shi ya fita ta murfin direba. Ya hau sama ya buɗe musu, ƙarfen ya riga ya yi ja. Sai da aka janye shi." Ta kashe famfon. "Ta ce kada in gaya maka, kai da kake cika gida da tankoki. Ni kuma ina na san liƙe su kuke yi? Na ɗauka buɗewa suke kamar motar yara."

"Kowa liƙewa yake yi."

"To."

Ya tsince gutsattsarin robar daga ƙasa, ya ciro bindigar daga cikin waken ya goge ta, ya sa a aljihu. Ya tambaya ko ya tafi da tankar kafin tsohon ya farka. Atiyat ta ce ya bari tukuna, za ta gani.

Da yamma Girgis ya kira shi.

"Dakta, yaya? Ya gane launin?"

"Ya gane tankar."

"Kai, alhamdu lillahi! Na gaya maka farin nan ne. Me ya ce?"

"Ya ce an wanke ta."

Girgis ya jira ƙarin bayani. Da bai samu ba ya ce, "Za ka zo Alhamis?"

"Ban sani ba, Abu Mina."

Talata ya je ya yi wa mahaifinsa wanka, tsohon yana ta ba shi haƙuri a kan wahalar da yake ba baƙo. Juma'a ya dawo da akwatin. Ya fara hawa saman bene, ya mayar da ƙarfen kwaɗon a kan ɗan filin, ya ɗaure kusoshin, ya juye hatsin a ciki. Sannan ya sauko.

Tankar tana kan dakalin taga, kusa da kwalaben magani, rufinta a fashe. Atiyat ta ce kullum da safe sai ya ɗauke ta ya leƙa ciki, ya ce babu kowa, ya ajiye, sannan ya yarda ya ci abinci. Ta ce tun ranar bai ƙara firgita a barci ba. Ta ce kada ya kuskura ya gyara ta.

Hilmi ya ji motsi ya juyo. Ya gyara zama.

"Sannu da zuwa, malam. Mitar tana ƙarƙashin matakala."

Wagdi ya tsaya da ledar mangwaron a hannu, na ƙarshen kaka ne, sun fara laushi. Ya miƙa wa Atiyat.

"To, Alhaji," ya ce. "Bari in duba."

"Ka sunkuya sosai. Akwai ƙarfe."

Ya sauka. Ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin matakalar, ya share ƙurar gilashin da hannun riga, ya tsaya a duƙe yana kallon lambobin suna juyawa, har ya ƙiyasta cewa mai mita zai iya gamawa. Sannan ya hau ya gaya wa tsohon komai daidai ne.